Za mu je Atina: ina za mu ci abincin Girka na asali ba tare da an tsuga mana kuɗi ko an ba mu alade ba?

"Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina za mu yi kwana biyar a Atina, babban birnin Girka, cikin watan Yuli, masaukinmu kuma yana kusa da Monastiraki inda 'yan yawon buɗe ido suka fi yawa. Muna so mu ɗanɗana abincin gargajiyarsu a gidan cin abinci, kada mu ƙare a kaza da dankali kullum. Amma an ce mini ana tsuga wa baƙi kuɗi a wurin, kuma naman alade ya yi yawa a girkinsu. Me za mu ci, ina za mu shiga, kuma yaya za mu gane idan ana shirin cutarmu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ku lafiya, kai da uwargida. Damuwa uku ka kawo, asalin abinci da tsada da halasci, kuma abin daɗi shi ne maganinsu kusan ɗaya ne. Abincin da aka fi tallata wa baƙo a bakin titi shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi haɗari ga Musulmi. Wanda Girkawa suke ci a gidajensu kuwa, na ganye da wake da kifi da man zaitun, ya fi araha, kuma mafi yawansa ba nama a ciki ko kaɗan. Aikinku kawai shi ne ku san sunansa, da lokacin da ake samunsa, da irin gidan da ke dafa shi.

Unguwar da irin gidajenta

Unguwannin Monastiraki da Plaka suna gindin dutsen Akropolis ne. A dandalin Monastiraki za ka ga tsohon masallacin Tzistarakis da aka gina a 1759, zamanin mulkin Turkawa. Yanzu ba a salla a cikinsa, amma alama ce mai kyau ta gane hanya. Daga nan titin Adrianou ya ratsa, tebura jere a bakinsa. Hayar shago a irin wannan wuri tana da tsada, kuma mai gidan ya san yawancin waɗanda suka zauna yau ba za su sake dawowa ba har abada. Wanda ba ya sa ran dawowarka ba shi da dalilin kyautata tukunya. Gidan da ke cikin unguwa kuwa, idan ya ɓata girki sau biyu maƙwabta sun gudu ke nan. Ban ce duk gidan da ke Plaka na banza ba ne, akwai tsofaffin gidaje masu mutunci a lungunanta, sai dai a can kai ne za ka yi aikin tantancewa.

Sunan da ke kan allon gida yana gaya maka abin da ya iya. "Taverna" gidan abinci ne na kowa da kowa, da gashi da dafaffe. "Psistaria" ta gashin nama ce kan gawayi. "Psarotaverna" ta kifi ce. "Souvlatzidiko" shagon tsire da shawarmarsu ne. "Ouzeri" da "mezedopolio" wuraren ƙananan faranti ne da aka tsara don rakiyar giya, abincinsu na iya yin daɗi, amma zaman na masu sha ne. Wanda nake so ka riƙe shi ne "magirio", gidan dafaffen abinci, inda ake ɗora tukwane tun da safe a jera su bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Wasu tavernoni ma suna da irin wannan sashe, ana kiran abincinsa "magirefta".

Ba sai kun yi nisa ba. Ku bi titin Athinas daga dandalin Monastiraki zuwa wajen Omonia, tafiyar kamar minti goma za ku iso babbar kasuwar nama da kifi ta Varvakios, kewayenta kuma akwai gidajen da 'yan kasuwa ke ci. Ko ku hau jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 1, tasha biyu ku sauka Petralona. Koukaki ma, a kudancin Akropolis, ƙafa tana kai mutum.

Yadda ake karanta gida kafin a zauna

Alama ta farko ita ce ɗan kamasho a bakin ƙofa yana jan hankalin masu wucewa da takardar abinci a hannu. Gidan da girkinsa ke kawo mutane ba ya biyan wani don ya yi kira. Ta biyu ita ce takarda mai hotuna da harsuna shida, wadda ta haɗa musaka (gasasshen gauta da niƙaƙƙen nama) da fiza da taliya da boga da kifi iri goma. Kicin ɗaya ba zai dafa abinci tamanin sabo a rana guda ba, dole akasarinsa daga firiza yake fitowa a ɗumama. Gajeriyar takarda, ko allo da aka rubuta abincin ranar da alli, ita ce ta gidan da ya je kasuwa da safe.

Lokaci ma ma'auni ne, kuma a nan baƙi suka fi ruɗewa. Girkawa suna cin abincin rana daga wajen ƙarfe 2 zuwa 4, na dare kuma daga ƙarfe 9 zuwa sama, balle a lokacin zafi. Gidan da ya cika maƙil da ƙarfe 6 na yamma baƙi ne suka cika shi, cikarsa ba shaida ba ce. Wanda ka tarar babu kowa da ƙarfe 7 kuma kada ka yanke masa hukunci, masu cin abincinsa ba su fito ba tukuna. Ka leƙa da ƙarfe 9 da rabi ka saurari harshen da ake yi a teburan.

Sai abin da ya fi duka amfani: a Girka ba rashin kunya ba ne ka nemi a nuna maka abin da aka dafa. Al'ada ce tsohuwa, a taverna ta gaskiya mai sabis zai kai ka gaban gilashin ko bakin kicin ya buɗe maka tukwane ɗaya bayan ɗaya. Gani ya kori ji. Gidan da ya ƙi, ko ya ce komai "ana yi ne idan an yi oda" alhali musaka kake tambaya, wadda ake gasa ta a babban tire ta huce kafin a yanka, to ka san daga ina za ta fito.

Inda alade da giya suke ɓuya

Gaskiya aka gaya maka. Nama mafi yawa a gashin titi na Girka alade ne. "Gyros", wanda suke furtawa kamar "yiros", kamarsa ɗaya da shawarma, amma idan ba a faɗi irin naman ba to alade ne. Na biyunsa kaza. Haka "souvlaki", tsiren da mutanen Atina ke kira "kalamaki". Kalmar da za ka haddace ita ce "hirino", a rubuce χοιρινό, wato alade. Kaza "kotopulo", rago "arni", akuya "katsiki", sa "moshari", kifi "psari".

Zaɓen kaza bai gama magance matsalar ba. A ƙaramin shago wuƙa ɗaya ke yankan sandunan naman biyu, farantin ƙarfe ɗaya ake gasa komai, ana kuma ɗumama burodin pita a kansa ya sha maiƙon da ya tsiyaya. Akwai kuma tsiren kaza da ake naɗe shi da siraran yankan alade. Kebab ɗin da Monastiraki ta yi suna da shi galibi na sa da rago ne, amma wuta ɗaya suke hawa da sauran.

Niƙaƙƙen nama, "kimas", shi ne babban wurin tuntuɓe, domin ido ba ya rarrabewa. Gidaje da yawa suna gauraya sa da alade don ya yi laushi, suna kiransa "anamiktos". Wannan ya shafi "bifteki", da ƙwallayen nama "keftedes" da "soutzoukakia", har da musaka da "pastitsio", gasasshiyar taliya mai nama. "Loukaniko", "apaki", "louza", "siglino", "spetsofai" da "bekri meze" duk ka ɗauke su na alade ne, ka wuce. "Kontosouvli" ma galibi haka.

Giyar inabi, "krasi", tana shiga tukunya fiye da yadda baƙo ke zato. Ana zuba ta a "stifado", naman da ake dafawa da ƙananan albasa, da "kokkinisto" mai jan miya, da sau da yawa a naman musaka. Duk abin da aka rubuta "krasato" a gabansa da ita aka dafa. Jatan lande da ake yi da tumatir da cuku, "garides saganaki", ana yawan zuba masa giyar uzo. Jimla uku sun ishe ka: "den troo hirino", ba na cin alade, "ehi krasi?", akwai giya a ciki?; "horis kreas", ba tare da nama ba. Ma'aikatan wannan yanki suna jin Turanci, amma faɗin kalmar da harshensu yakan sa su je su tambayi mai girki maimakon su amsa da ka. Ka kula da amsar: "ne" a Girkanci e take nufi, a'a kuma "ohi", wani lokaci ma ɗaga haɓa da gira kawai za a yi maka, shi ma a'a ne.

Batun yanka daban ne. Ragon taverna ba yankan Musulmi ba ne sai in an rubuta. Ko ya shiga hukuncin abincin Ahlul Kitabi, ganin yadda mayankan Turai ke aiki yau, magana ce da malamai suka saɓa a kanta, wannan kuma malaminka ne zai yanke maka kafin ku tashi, ba mai ba da shawarar abinci ba. Idan kun tsaya kan nama mai shaidar halal, gidajen 'yan Pakistan da Bangladesh da Larabawa na kewayen Omonia ne wurinsa, sai dai girkin nasu ne, ba na Girka ba.

Abin da za ku ci

Cocin Otodoks na Girka yana da azumi mai yawa: makonnin da ke gaban Ista, kwana arba'in kafin Kirsimeti, rabin farko na Agusta, da Laraba da Juma'a ga masu kiyayewa. A mafi yawan waɗannan kwanaki ba nama, ba madara, ba ƙwai. Wannan ya haifar da gagarumin girki marar nama, ana kiransa "nistisima". Idan ka furta kalmar nan kowane mai sabis zai gane. Ba ta kore giya ba, don haka tambayar krasi tana nan.

Zuciyar wannan girki ita ce "ladera", kayan lambu da aka dafa a hankali cikin man zaitun da tumatir da albasa. Watan Yuli kuwa lokacinsu ne. Ku nemi "gemista", tumatir da tattasai da aka ƙwaƙule aka cusa musu shinkafa da ganyen ƙamshi aka gasa a tanderu. Ka tambaya ko "orfana" ne, wato marayu, marasa niƙaƙƙen nama. Akwai "fasolakia", ɗanyen wake a kwafsarsa da dankali; "briam", gauta da dankali da 'yar kabewa gasassu; "imam", baƙin gauta da aka cika da albasa. Akwai "bamies", kuɓewarmu ce sak, amma uwargida kada ta jira yauƙi: ƙanana ake zaɓa, a fere kan ba tare da an huda cikin ba, a jiƙa da ruwan khal, a dafa su ɗungurungum don kada su yi yauƙin. "Horta" dafaffen ganye ne da mai da lemun tsami, wanda ake samu a lokacin zafi kuma, "vlita", dangin alayyafo ne. "Mavromatika" farin wakenmu ne mai baƙin ido, ana yin kwaɗonsa da albasa. Sai "gigantes", manyan wake gasassu cikin tumatir, waɗanda wasu gidaje ke jefa wa yankan loukaniko, shi ya sa ake dubawa. "Fava" kuma markaɗaɗɗen wake ne rawaya mai laushi, na tsibirin Santorini ya fi suna.

Abu biyu kan ba baƙo mamaki a nan, kuma ba laifin gidan ba ne. Ladera ba ya zuwa da tururi. Da ɗumi-ɗumi ake cinsa, domin sai ya huce man da tumatirin suke kama jikinsa. Man kuma yana da yawa da gangan, burodi aka tanada don a share shi. Amma tunda da safe aka dafa, da rana ya fi kyau. Wanda ya nemi gemista da ƙarfe 10 na dare saura zai samu, ko a ce ta ƙare. Tsarin da nake ba mutane shi ne dafaffe da rana, gasasshen kifi da dare.

Salak ɗin ƙauye, "horiatiki", gwaji ne mai sauƙi na gaskiyar gida: tumatir, kokwamba, albasa, koren tattasai, zaitun, da falan cukun feta guda a sama, an barbaɗa busasshen ganyen ƙamshi da suke kira rigani an kwarara mai. Babu latas a cikinsa. Idan ya zo cike da latas da 'yan ɓarɓashin farin cuku, an rage tsada ne a kanku. Feta ta gaskiya daga nonon tumaki ake yi, ana iya haɗawa da na awaki har kashi 30 cikin ɗari, kuma tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wadda aka yi a Girka; shi ya sa gida mai gaskiya da ke amfani da na shanu yakan rubuta "farin cuku" kawai. A gefe ku ƙara "tzatziki", kindirmo mai kauri da kokwamba da tafarnuwa, ko "dolmadakia yalantzi", ganyen inabi naɗe da shinkafa ba nama, ko "spanakopita" mai ganye da cuku.

Musakar da kowa ke tambaya tana da daɗi in an yi ta da kyau, amma ba ita ce abincin kullum na Bagirke ba. Siffarta ta yau, mai farin kirim na madara da fulawa a sama, ana danganta ta ga mai girki Nikolaos Tselementes a shekarun 1920. Tana da niƙaƙƙen nama, don haka tambayoyin can biyu suna kanta.

Girkin Girka ba shi da yaji. Ƙamshinsa na rigani ne da lemun tsami da kirfa da tafarnuwa. Ka nemi "bukovo", dakakken busasshen barkono, ko uwargida ta saka ɗan ƙullin yajinta a jaka.

Kifi, inda kuɗi ke zurarewa

Mafi yawan labaran da ka ji na tsuga kuɗi daga nan suke. Babban kifi da kilo ake sayar da shi, ba da faranti ba. Mutum ya ga lamba a takarda ya ɗauka kuɗin plate ɗin ne, ashe na kilo ne, a wasu wuraren ma na giram 100. A ce an rubuta yuro 60 kilo, aka kawo muku kifi mai kilo ɗaya da giram 400: yuro 84 ke nan kafin a lissafa salak. Hanyar kariya ita ce ka tashi ka je inda kifin yake kan ƙanƙara, ka zaɓa, a ɗora a sikeli a gabanka, ka ji jimlar kuɗin da baki kafin ya hau wuta. Giram 350 zuwa 450 ɗanye ya ishi mutum ɗaya. Sabon kifi idonsa garau yake, cikin kunnuwansa ja, jikinsa da tauri.

"Tsipoura" da "lavraki" galibi na kiwo ne, shi ya sa ake samunsu a girma ɗaya da farashin faranti. Ba laifi gare su, amma kada a karɓi kuɗin na teku a kansu. "Barbouni" da "fagri" su ne masu tsada. Ƙananan kifaye, "gavros" da "sardela" da "marida", su ne na talaka, da faranti ake sayarwa, gavros da sardela kuma a lokacin zafi suke da ƙiba; a ganina gasasshiyar sardela da lemun tsami ta fi kifin yuro 80 daɗi. Dokar kasuwa ta wajabta a nuna kifin da aka daskarar a firiza a takarda, da alamar tauraro ko da gajeren rubutu κατ., ku duba ƙasan shafin. A nemi a gasa muku, "psito", da mai da lemun tsami kawai. A psarotaverna damuwar haɗa wuta da alade ta ragu ƙwarai.

Yawan oda da lissafi

Girkawa a tsakiyar tebur suke ajiye komai a ci tare, ba kowa da farantinsa ba. Ku biyu, salak ɗaya, ƙaramin faranti ɗaya ko biyu, da babban abinci biyu ya wadatar, sau da yawa ma ya yi yawa. A fara da kaɗan, ƙari ba ya wuya. Abinci yana fitowa ne yadda ya nuna, ba bisa jeri ba.

Burodi yakan zo ba a tambaya ba, ana kuma sa masa ɗan kuɗi kan kowane mutum. In ba ku so, ku ce a ɗauke tun kafin a taɓa. Haka babbar kwalbar ruwa. Ruwan famfon Atina ana shansa, "nero vrisis" ake cewa, amma idan kun tsallaka tsibirai irin su Santorini ko Mikonos ku koma na kwalba. A shagon gyros, in kun sami na kaza da kuka gamsu da shi, bambanta "pita", naɗaɗɗe a hannu, da "merida", wanda ake bajewa a faranti a ninka kuɗinsa biyu ko uku. Duk abin da mai sabis ya ba da shawara da baki, wanda ba ya cikin takarda, a tambayi kuɗinsa nan take. Farashi yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, daga titi zuwa titi, saboda haka wanda ke rubuce a takardar gidan shi ne hujjarka, ka ɗauki hotonsa da waya idan zuciyarka ba ta kwanta ba.

Ba a kawo lissafi sai an nema, domin a wurinsu kawo shi da wuri kamar kora ce: "ton logariasmo, parakalo". Ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Doka ta ce ba dole ne mai saye ya biya ba idan ba a ba shi rasit na hukuma ba, "apodixi", za ka ma ga an buga wannan a takardun abinci. Idan aka kawo lamba a 'yar takardar hannu, ka nemi na inji. Ana karɓar kati. Tukuici ba tilas ba ne, a cike kuɗin ko a bar kashi 5 zuwa 10 idan an kyautata. In rigima ta taso, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido ita ce 1571.

A ƙarshen cin abinci gidaje da yawa suna kawo kyauta, "kerasma": kankana, ko halawar semolina, ko kindirmo da zuma. Wani lokaci kuma ƙananan kofuna ne da abu fari garau kamar ruwa. Wannan raki ce ko tsipuro ko mastiha, duk giya ce mai ƙarfi. Ka dafa ƙirji ka ce "efharisto, den pino", na gode, ba na sha; galibi za su mayar su kawo 'ya'yan itace.